Sitikar Auta a Kan Gilashin Baba

Motar da Baba ya bar mini tsohuwa ce, fara, irin wadda ma'aikatan gwamnati suke hawa tun muna yara. Fentinta ya koɗe, ƙofar baya sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu, hon ɗinta kuwa in na danna awaki ne suke waiwayowa, mutane ko a jikinsu. Amma gilashinta na gaba, wannan a gaban kowa zan ɗaga kai in yi alfahari da shi. Shi ne wanda ta zo da shi tun tana sabuwa, har ta zo hannuna ba a taɓa canza shi ba, kuma babu ko ƙwarzanen farce a jikinsa. A kusurwar ƙasa ta wajen direba akwai lambar motar, Baba ne ya zana ta da hannunsa saboda ɓarayin gilashi. Rubutun ya ɗan karkace, yadda duk rubutunsa yake karkacewa.

Baba direba ne, a kan titi ya ƙare ƙarfinsa. Yayyena maza babu wanda ya damu da mota sai in za a kai shi wani wuri, don haka ni ce mai riƙe masa bokiti a ƙofar gidanmu a Tudun Wada. A nan na koyi cewa ba a goge gilashi da busasshen tsumma, sai an fara kora ƙasar da ruwa, in ba haka ba kai da hannunka kake kankare shi. Garin sabulun wanki ba ya kusantar motarsa. In ya gama wankewa sai ya dunƙule tsohuwar jarida ya bi gilashin da ita har ya yi ƙara. Robar waifa kuwa yana shafa ta da yatsa kamar mai duba kaifin wuƙa, da ta fara tauri ya cire ta. In muna tafiya tifa ta taho da tsakuwa, sai ya rage gudu ya ɗora babban yatsansa a jikin gilashin har ta wuce. Ban san ko yatsan yana hana wani abu ba, amma har yau hannuna da kansa yake tashi. Babbar dokarsa ita ce ta ruwan sanyi. In gilashi ya sha rana, ko kashin tsuntsu ne ya rufe shi, a bar shi ya huce. Sau ɗaya ya taɓa yi mini tsawa a rayuwata, ranar da na ɗebo ruwan randa da azahar na nufi motar.

Da ya rasu aka raba gado, motar ta faɗo a rabona, yayyena suna ta murna an raba su da kwaraɓaɓɓiya. Mijina, wanda nake ce wa Malam, ya yarda in riƙa tuƙa ta zuwa makarantar da nake koyarwa a Gyallesu, amma yardar tasa ta fatar baki ce. Mahaifiyarsa, Inna, ba ta ma ɓoye nata ba. A ganinta mace a bayan sitiyari neman magana ne. Ni kuwa motar nan ita ce ƙafata. Da ita nake sauke yara a makarantarsu in wuce tawa, da ita nake zuwa duba mahaifiyata ba sai na jira wani ya ga dama ba. In na zauna a kujerar nan na kalli titi ta cikin gilashin nan, ji nake kamar Baba bai yi nisa ba.

Malam yana da ƙane, autan Inna, kowa Auta yake ce masa ko da yake gemu ya cika masa fuska. Tsakanin mace da ƙanin mijinta akwai wasa, kowa ya san wannan. Zai shigo ya buɗe tukunyata ya ce miyar ba gishiri, ni kuma in ɓoye masa hula in ce sai ya yi mini shara. Duk abin da ya faɗa mini ba ni da damar yin fushi, in na yi sai a ce ba ni da wasa, ba na son dangin miji. Da wannan lasisin ya zo wata Asabar ya ce in ara masa mota, abokinsa ke aure, za su shiga jerin gwanon kai amarya. Raina bai so ba. Na kalli Malam ko zai cece ni, ya kawar da kai yana gyara agogo. Na miƙa wa Auta makulli, na ce masa abu ɗaya nake roƙo, kada ya bi bayan tifa.

Washegari ya dawo da ita a wanke tas, abin da bai taɓa yi wa ko babur ɗinsa ba. A saman gilashin, wajen kujerar mai zaman banza, ga wata sabuwar sitika koriya mai faɗin tafin hannu, an rubuta Ma sha Allah da ruwan zinare a jiki.

"Wannan fa?" na tambaye shi.

"Kyauta ce, matar Yaya. Tsari ce daga hatsari da bakin mutane. Kin san motar taki an sa mata ido."

Baba bai taɓa liƙa komai a gilashin nan ba, kuma ni ma ban so ba. To amma wa zai sa farce ya kankare sunan Allah, kyautar ƙanin miji kuma, a gaban miji? Har godiya na yi masa, Allah Ya gani. Na zuba masa shinkafa da wake, ya ce in ba shi cokali. Na yi masa tsiya, na ce yaushe Auta ya zama Bature. Ya nuna mini babban yatsansa, wani farin abu ya bushe a kai ya yi ɓawo, ya ce takalminsa ya liƙe. Na yi dariya na wuce kicin, wawuyar Allah.

Bazara ta shigo da zafinta. Wata rana na fito daga aji, sai na ga wani siririn layi ya leƙo daga ƙarƙashin sitikar, kamar gashi ya faɗo a kan gilashin. Na sa yatsa in ɗauke shi, ya ƙi ɗaukuwa. Kafin Juma'a ya yi tsawon hannu, ya nufi tsakiya.

Duk Juma'a bayan masallaci a gidan Inna muke haɗuwa a Tudun Jukun, 'ya'ya da surukai da jikoki, a ci tuwo a yi hira. Ranar muna isa kowa ya ga tsagar. Kafin in buɗe baki Auta ya riga ni.

"Ai na san za a yi haka," in ji shi, yana dariya yana tafa hannu. "Shekaranjiya na wuce ta layinku da azahar, na gan ki da idona kina sheƙa masa ruwan randa. Mata da mota, sai dai haƙuri."

Tsakar gidan ta ɗauki dariya. Inna ta ce dama ita ta faɗa tun farko. Na tsaya da kwanon tuwo a hannu. Da ya ce na daki bango ne, ko na faɗa kwata, da abin bai ci ni haka ba. Amma ruwan randa da azahar, abin da Baba ya yi mini tsawa a kansa, shi ya zaɓa ya liƙa mini a gaban mutane. Na ce ƙarya ne. Wata facalata ta ce haba, wasa ne fa, ke ba a yi miki wasa? A ranar na tsani Auta, tsana ta gaske, kuma ban ji kunyar Allah a kan haka ba.

Da muka koma gida Malam ya miƙo hannu. Ya ce yau gilashi ne, gobe bai san mene ne ba, kuma da yaransa nake yawo a ciki. Motar gadona ce, ba mai sayar da ita sai da yardata, wannan ya sani. Amma fita da ita sai da yardarsa, wannan kuma ni na sani. Na zare makullin daga jakata na sa masa a hannu. Ya jefa shi a aljihun gaban riga, ya ce in yi tunani, akwai wani abokin aikinsa da yake neman irinta.

Na koma hawa adaidaita. Ni da na saba isa makaranta kafin a buga ƙararrawa, na koma tsayuwa a bakin titi da yara da kwandon abinci, ana cusa mu kamar buhunan masara, ana zagaye gari da mu kafin a sauke. Abokan aiki suna tambaya ina motar, ina cewa tana hutawa.

Wata safiya da ba makaranta, Malam ya fita, na tsaya a gaban motar ina kallon tsagar. Gilashi ba ya tsagewa haka kawai daga tsakiyar lafiya, dole akwai inda ta faro, kuma mafarin yana ƙarƙashin sitikar nan. Na ɗumama ruwa, na jiƙa tsumma na ɗora a kai, na yi bisimilla na nemi gafarar Allah, na ɗaga gefe ɗaya da reza a hankali. Ga shi nan. Ramin tsakuwa ne, ya yi 'yan ƙafafu ta kowane gefe, an cika shi da gam ɗin nan mai kamawa nan take da ake ce wa sufa gulu, an danna. A cikin busasshen gam ɗin ga zanen babban yatsa ya fito raɗau, layi bayan layi. Sai cokalin nan ya faɗo mini a rai, da takalmin da aka ce an liƙe.

Na zauna a kan dakali. Zuciyata ta ce in kira Malam yanzu-yanzu. Na ce mata a'a. In na nuna, Auta zai ce ni na cire sitikar na ɗiga gam don in wanke kaina, Inna ta goya masa baya, a ƙara mini da laifin kankare sunan Allah. Na san gidan da nake aure. Hannun da ya liƙa sitikar nan shi zai cire ta, a gaban mutanen da suka yi mini dariya, ko da zan shekara ina jira. Na mayar da gefen na danne shi, na bi bakinsa da siririn salatif.

Daga ranar jinyar gilashi ta zama aikina, don in ya tarwatse shaidata ta tafi. Na samo kwalaye na rufe shi, na ɗora tsohuwar tabarma, na danne da bulo ta gefe. Na sa salatif a kan tsagar don kada ƙasa ta shiga. Na liƙa wani ɗan guntu a daidai inda bakinta ya tsaya, kullum da safe in duba ko ta wuce shi. Yaran layi masu buga ƙwallo sun sha bakina har suka canza fili. Da damina ta faɗi, ranar da aka yi ruwa da ƙanƙara, da gudu na fita ba ko mayafi na rufa mata bargon gadonmu, na tsaya ina riƙe da shi ƙanƙara tana dukan bayana. Malam yana kallona ta taga. Da na shigo ya ce wannan son da nake yi wa motar nan da tun farko na yi shi. Na haɗiye, na ce haka ne, Malam. Auta kuwa bai fasa zuwa cin abincina ba. In ya shigo sai ya ce, "Direba, ina mota?" Ni kuma in ƙara masa nama, in ce ci ka ƙoshi, Autan Inna.

Ana nan sai Auta ya ga yarinya a Hanwa, 'yar wani tsohon ma'aikaci da aka san shi da tsauri. Magana ta yi nisa har aka kai gaisuwa. Kafin a sa rana, dangin yarinya sukan bi ta bayan gida su binciki halin mai nema, kuma wadda suka turo gwaggon yarinyar ce, wata Hajiya da muka taɓa koyarwa tare. Ta zo har ɗakina, muka gaisa, ta sha ruwa, sannan ta rage murya.

"Malama, ke ce matar wansa, kin san cikinsa da bayansa. Amana na kawo miki. Yayana ya ce komai zai iya jurewa ban da maƙaryaci. Yaron nan yana da gaskiya?"

Na gyara zama. Na ce, "Hajiya, amana ba a yi mata gaggawa. Ki ba ni zuwa Asabar."

Ranar Juma'a na ce wa Malam batirin motar zai mutu in ba a motsa ta, ko zai tuƙa mu da ita zuwa gidan Inna? Ya yi murna, ya ɗauka na sauko ne za a sayar. Na zauna a gefensa, duk ramin da ya faɗa yatsana yana kan gilashin, ina cewa a raina ka daure, saura kaɗan. A jakata akwai fulas na ruwan ɗumi da tsumma da sabuwar reza.

Na bari aka ci aka ƙoshi, aka wanke hannu. Sannan na ce, "Auta, zo ka cire mini kyautarka."

Inna ta ce, "Sunan Allah ne fa a jiki."

"Ba yarwa za a yi ba, Inna. Adana ta zan yi."

Auta ya yi dariya, ya ce matar Yaya ta fara zarewa saboda hawan adaidaita, a nemo mata rubutu. Na bar shi ya gama. Na ce, ba tare da na ɗaga murya ba, Hajiyar Hanwa ta zo wurina bincike, kuma gobe nake ba ta amsa. Nan take dariyar ta ɗauke. Ya kalli Malam, ya kalli Inna, babu wanda ya gane abin da ake ciki sai ni da shi. Na miƙa masa rezar.

Duk gidan aka fito ƙofa, har da facalar nan tawa mai cewa ba ni da wasa. Auta ya jiƙa sitikar, ya ɗaga ta kaɗan-kaɗan har ta fita. Rana ta haska ramin da gam ɗin da zanen yatsan. Malam ya sunkuya ya daɗe yana kallo.

"Ɗora yatsanka a kai mu gani," na ce wa Auta.

Bai ɗora ba. Ya sunkuyar da kai ya ce tifa ce, a hanyar kai amarya, suna tsere da abokansa ya matse ta a baya. Ya ce tsoro ya ji. Malam ya tambaye shi maganar ruwan randa fa, ya ce bai ga komai ba, ranar ko layinmu bai bi ba.

Inna ta fara cewa a yi haƙuri, ƙuruciya ce, kuma ai tsakaninku akwai wasa. Na durƙusa yadda ya kamata na ce, "Haka ne, Inna. Tunda wasa ne, ni ma ban gama nawa ba." Na karɓi sitikar daga hannun Auta na naɗe ta a hankici.

Malam bai ce mini yi haƙuri ba, ba ya cikin maza masu iya furta wannan. Hannu ya sa a aljihun gaban riga ya ciro makullin ya ajiye a tafina, a gaban mahaifiyarsa, ya zagaya ya shiga ɗaya gefen. Ni na tuƙo mu gida. A hanya abin da ya iya cewa kawai shi ne in yi hankali da ramin gaban masallaci, na ce na san shi tun kafin ya san ni.

Ranar Asabar na faɗa wa Hajiya gaskiya, ban ƙara ba ban rage ba. Na ce ba ya shaye-shaye, ba ya wasa da salla, yana da neman na kansa, amma in tsoro ya kama shi yana ƙarya, kuma yana iya ɗora ta a kan wanda ba zai iya ramawa ba. Na ba ta labarin gilashi tun daga cokali. Mahaifin yarinyar ya dakatar da magana, sai da Auta ya je da manya ya zauna a ƙasa ya maimaita labarin da bakinsa, aka ja shi har bayan babbar salla kafin a sa rana. Ya rame a watannin nan, wuyansa ya fito. Ko kaɗan bai ba ni tausayi ba.

Gilashin dai bai tsira ba. Tsagar ta riga ta kai gefe, mai gyara ya ce ba abin da za a yi. Auta ne ya kawo sabo. Ina tsaye aka yanke robar aka ɗaga na Baba aka jingine shi a bango, na ga motar ta yi wayam kamar bakin da aka cire wa haƙora. Ban bari aka jefar da shi ba. Yana bayan sif ɗina, a naɗe cikin bargon nan da ya sha ƙanƙara. Sabon kuma ba laifi, sai dai in fitilar wata mota ta haska shi sai hasken ya watse, na Baba bai taɓa yin haka ba.

Kafin biki Auta ya yi mota, 'yar kwalisa mai sheƙi, yana goge ta da hankicin aljihu. Ranar ɗaurin aure ni ce matar wa, ni ke jagorantar mata zuwa ɗauko amarya. An jera motoci a ƙofar gidan Inna, tasa a gaba an yi mata ado, abokansa sun kewaye shi, yana cikin babbar riga sai ƙamshi yake. Na ratsa su na tsaya a gaban motar. Na kwance hankicina, na fito da koriyar sitikar nan, na shafe bayanta da sufa gulu har gefe-gefe, na liƙa ta a sabon gilashinsa, sama kaɗan da sitiyari, inda duk ya ɗaga ido sai ya gan ta. Na danna da babban yatsana na riƙe har ta kama.

"Kyauta ce, ango," na ce. "Tsari ce daga hatsari da bakin mutane."

Ya waiga. Inna tana tsaye a bakin zaure, malaman da suka ɗaura aure suna zaune a kan tabarma suna kallo, ɗaya daga cikinsu har ya ce Allah Ya yi albarka. Sunan Allah ne, kyautar matar wa ce, kuma wasa ne. Ya ce na gode, matar Yaya.

Har yau tana nan a gilashinsa. Rana ta cinye korenta, zinaren ya dushe, amma gam ɗin bai saki ba, kuma duk dangi sun san abin da take nufi, har matarsa. In muka haɗu a mahaɗar titi, shi a tasa ni a tawa, sai in ɗaga masa babban yatsa, shi kuma ya kawar da kai.

Inna takan ce in yafe hakanan, abu ya wuce, makulli yana hannuna. Makulli yana hannuna, gaskiya ne. Amma kullum da safe in na kora ruwa na dunƙule jarida na bi gilashin, hannuna yakan gangara kusurwar ƙasa ta wajen direba, inda karkataccen rubutun Baba yake a da, sai in ji wurin sumul. Ban yafe ba tukuna.